Saukar Jirgi a Tsaunukan Nefal Daga Bencin Mai Caji a Makoɗa

Bayan sallar la'asar a Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar Makoɗa, bencin da ke ƙofar shagon mai caji ba ya rabo da samari. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa a waya, wasu harbe-harbe, wasu kallon bidiyo. Amma jefi-jefi za ka tarar da ɗaya ya fita daban: ya kwantar da wayar a hannu biyu, ya miƙa ta gabansa, yana karkata ta sannu-sannu kamar yaron da aka aika da kwanon miya cike fal.

In ka leƙa ta kafaɗarsa, hancin jirgin sama za ka gani. Dama dutse, hagu dutse, ƙasa kwazazzabo mai zurfi da kogi a cikinsa. Can gaba, a jikin wani tsauni, ga ɗan siririn baƙin layi. Nan ake so a sauka.

Masu kallo sun fi mai tuƙin iyawa, kamar kullum. Wannan ya ce a rage totur, wancan ya ce an yi ƙasa da yawa. Jirgi ya daki gefen dutse, aka kwashe da dariya, aka danna maɓalli, sai ga shi ya dawo sama garau. Na kusa ya karɓi waya.

Masu wannan gem ba su kama ƙafar 'yan ƙwallo a yawa ba, kuma ba wanda zai ce abin ya zama ruwan dare. Abin da ya ja hankalina shi ne wurin da suke zaɓa. Makoɗa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Gonakin gero da dawa da wake da gyaɗa sun haɗe da juna, ƙauye na hango ƙauye, daga Koguna zuwa Maitsidau, zuwa Satame da Wailari. Mai neman dutse sai ya nausa wajen Kazaure da Roni. Ga filayen jirgi birjik a cikin gem ɗin, masu faɗi da tsawo, amma yaron da ya tashi a wannan shimfiɗa ba ya son ko ɗaya sai wanda aka rataye a jikin tsaunukan Himalaya.

Fili mai ƙofa ɗaya

Sunan wurin Lukla, a gabashin ƙasar Nefal, kuma ba masu gem ne suka ƙirƙire shi ba. Nan masu niyyar hawa Everest, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a duniya, suke sauka bayan tafiyar kamar rabin awa daga Katmandu, daga nan su ci gaba a ƙafa.

Filin yana bisa tudun da ya haura mita 2,800 daga doron teku. Titinsa mita 527 ne kacal. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya kai mita 3,300, wato za a yanki irin na Lukla guda 6 a cikinsa har a sami ragowa.

Kuma ba a kwance yake ba. Hawa ne, a kowace mita 100 yana ɗagawa da kusan mita 12. Ƙarshensa na ƙasa bakin rami ne da ya gangara ɗaruruwan mitoci zuwa kwarin kogin Dudh Koshi. Ƙarshensa na sama katanga ce, da dutse a bayanta. Don haka ƙofa ɗaya gare shi. Mai sauka ya shigo ta bakin rami ya hau tudu, hawan ya taya birki aiki. Mai tashi ya juyo ya gangara, ya faɗa sarari, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar Everest a 1953, shi ya jagoranci gina filin a 1964. Da farko wuri mai kwance ya nema, amma manoman yankin suka ƙi rabuwa da gonakinsu, dole ya koma gangare. Manomin Makoɗa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Inda mutane suka yi yawa ƙasar noma ta yi kaɗan, ba a ba da gona don baƙo ya sami wurin sauka. Sai a 2001 aka shimfiɗa wa titin kwalta, a 2008 kuma aka sa masa sunan mutanen nan biyu.

Abin da ya fi ɗaga wa matuƙa hankali a Lukla shi ne rashin damar fasawa. A kusan kowane fili, idan matuƙi ya ga saukar ba ta yi masa ba, sai ya ba da wuta ya koma sama, ya zagayo ya sake gwadawa. A Lukla, da zarar ka tsallaka kwarin ka fuskanci titi, dutse ya tare gaba, babu filin juyawa. A watan Oktoban 2008 gajimare ya rufe bakin titin ana daf da sauka, wani ƙaramin jirgi ƙirar Twin Otter ya daki ƙasa kafin ya kai, mutum 18 suka rasu, matuƙin kaɗai ya tsira.

Shi ya sa hukumar jiragen saman Nefal ba ta barin kowa ya nufi wurin. Sai wanda ya yi sauka da tashi sau 100 a gajerun filaye, ya shekara yana irin wannan tuƙi a ƙasar, sannan ya je Lukla sau 10 da malami a gefensa. A kan benci kuwa, sharaɗin kawai waya ta kasance da caji.

Iskar sama ba ta da kauri

Gajartar titi ita ido ke gani, amma rabin matsalar ce. Jirgi a kan iska yake kwance. Fiffike na tura iska ƙasa ita kuma ta ɗaga shi. Inji na shaƙar iska ya ƙona mai. Farfela na cizon iska ta ja jirgi gaba. Duk ukun da kaurin iska suke aiki, kuma iska, iya hawanka iya sirancewarta.

A tsayin Lukla, iskar ta rasa kusan kashi 1 cikin 4 na kaurin da take da shi a bakin teku. Kafin fiffike ya sami abin da ya saba samu, dole jirgin ya ƙara gudu a zahiri da kamar kashi 15 cikin 100, alhali agogon gudu da ke gaban matuƙi yana nuna masa lambar da ya saba gani. Ka ga ke nan an taru an yi masa yawa: ya shigo da gudun da ya fi na kullum, titi ya fi na kullum gajarta, inji kuma ba shi da ƙarfinsa na kullum.

Akwai kuma yaudarar ido, wadda ita ce ke kayar da yawancin samarin benci ba tare da sun san sunanta ba. Titin da ke hawa yakan buɗe wa mai tahowa fuska fiye da titin da ke kwance, sai ƙwaƙwalwa ta raya masa cewa ya yi sama da yawa. Sai ya dannar da hanci. Sai ya tarar da kansa a ƙasan bakin titi, yana kallon bangon rami. Wannan ruɗi yana cikin abubuwan da ake koya wa ɗaliban tuƙi a makarantu, kuma gem mai kyau yana kawo shi yadda yake, tunda lissafin kusurwa ne, ba ya canzawa don an mayar da shi fuskar waya.

A manyan filaye irin na Kano da Abuja, matuƙi na da 'yan rakiya. Akwai fitilu huɗu a gefen titi: in ya ga biyu fari biyu ja, yana kan hanya, in ja ya yi yawa ya yi ƙasa, in fari ya yi yawa ya yi sama. Akwai kuma na'urar rediyo mai jan jirgi a kan gangaren digiri 3 har bakin titi. A Lukla babu na'urar da za ta ja ka. Ido ne, sai gogewa.

Sai iskar kwari. Da safe takan lafa. Rana na ɗagawa duwatsu su yi zafi, iska ta taso tana hawa kwarin, gajimare ya biyo ta. Dalilin da ya sa jiragen Lukla sammako suke yi ke nan, kuma wani lokaci a rufe filin kwana da kwanaki, matafiya su yi ta jira.

Wani abu da gem ya ɓata wa matasa shi ne son sauka mai laushi. Gasar da ake yi a bidiyoyin intanet ita ce wa zai ajiye taya ba a ji ba. A dogon titi wannan ado ne. A titi mai mita 527 kuwa ganganci ne, domin mai lallaɓa jirgi yana shawagi a saman kwalta titi yake ci. Matuƙan gaske ajiye shi suke yi da ɗan ƙarfi a farkon titi, tayoyi su kama, birki ya fara aiki nan take. Fasinja ya ji jijjiga ya fi ya ga katanga.

Sauran wuraren da ake zuwa gwada sa'a

Wanda ya gaji da Lukla yakan koma Paro a ƙasar Butan. Can titin ya haura kilomita 2, har manyan jirage irin Airbus A319 na sauka, amma fili ne a cikin kwari mai tsayin mita 2,200 da ɗoriya, kewaye da tsaunukan da suka wuce mita 5,000. Jirgi na bin lanƙwasar kwarin, yana karkata dama da hagu a saman rufin gidaje, ba ya fuskantar titi sosai sai a daƙiƙun ƙarshe. Da rana kawai ake sauka, kuma matuƙan da aka amince wa 'yan gommai ne.

Akwai Courchevel a tsaunukan Faransa, wurin shaƙatawar masu hannu da shuni, mai titi mita 537 da hawan da ya fi na Lukla tsanani, sama da mita 18 a kowace 100. Akwai na tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, wanda samarinmu suka fi saurin riƙe sunansa tunda tun 2017 sunan Cristiano Ronaldo yake ɗauke da shi. An ƙara tsawon titinsa a kan ginshiƙai kusan 180, kuma iskar da ke gangarowa daga duwatsu ce ke wahalar da masu sauka. A Afirka ma akwai Matekane a Lesoto, ɗan fili mai kamar mita 400 da ya ƙare a bakin rami.

Gem na masu kwamfuta, gem na masu waya

Kwaikwayon tuƙin jirgi ya girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwati mai motsi da ɗalibi zai shiga ya koyi tuƙi da agogo kaɗai, ba ya ganin waje. An horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga makaranta abin ya fito ya shiga gida, ba daga gida ya tafi makaranta ba.

Microsoft Flight Simulator ya fara fitowa a 1982. Fitowar da ta sauya komai ita ce ta watan Agustan 2020, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa. An zuba duniya gaba ɗaya a ciki daga hotunan tauraron ɗan Adam, da filayen jirgi kusan 37,000, da yanayin sama na wannan sa'a da kake ciki. Lukla da Paro da Courchevel suna cikin waɗanda aka zauna aka zana da hannu, kuma akwai gasar sauka ta musamman da ake ba da maki kan inda ka ajiye taya, da yadda ka riƙe tsakiyar titi, da taushin saukar. Wani sabo ya biyo baya a Nuwamban 2024.

Sai dai wannan ba na Makoɗa ba ne. Yana son kwamfuta mai tsada ko na'urar wasa irin Xbox, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai gudu, domin sauke na 2020 kaɗai ya haura gigabait 100, sannan yana ci gaba da zuƙar taswira muddin kana sama. Yaron ƙauye a bidiyon YouTube da TikTok yake ganinsa, daga nan sha'awar ke kama shi.

Abin da ke hannunsa ƙannen wancan ne: Infinite Flight, da X-Plane na waya, da RFS na kamfanin Rortos na Italiya, da GeoFS da ake buɗewa kai tsaye a intanet. Wayar ita ce sitiyari, ka karkata ta jirgi ya karkata. Yawancinsu kyauta ake saukewa, su ba ka jirgi ɗaya ko biyu da ɗan yanki na duniya, sauran kuma sai ka biya kuɗin wata-wata. Ga data, wadda tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 ta zama abin lissafi a kowane gida. Ga kuɗin caji, ga waya mai zafi a hannu bayan minti 20. Shi ya sa gem ɗin mutum ɗaya ya zama na majalisa: mai babbar waya ya kawo, a yi ta karɓa-karɓa.

Tsaunin Kano ba a ganinsa

A nan ne nake ganin samarin sun tafi neman abu a nesa alhali yana ƙofar gida.

Tudu ba shi kaɗai ke sirantar da iska ba, zafi ma yana yi. Filin jirgin Kano yana kan tsayin kamar mita 470. Amma a tsakar ranar bazara, ma'aunin zafi na kan 40, fiffike da inji suna jin kamar suna kan mita 1,500. Wato a watan Afrilu ko Mayu, jirgin da ke tashi daga Kano da azahar yana jin kamar yana kan tudun da ya fi filin Heipang ta Jos tsayi, duk da cewa filin Jos yana kan tudun da ya kusa mita 1,300. Dutse ne da ba ya fitowa a taswira, kuma kullum matuƙa suna lissafa shi kafin su yanke nauyin da za su ɗauka.

Kanawa sun ga abin da ke faruwa idan lissafin ya ƙwace. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da rana tsaka, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC One-Eleven ya kama hanyar Legas. Ana gyaran dogon titi, don haka gajeren aka bi. Jirgin ya cinye titin bai ɗaga ba, ya shiga ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura, ya tashi da ƙyar, ya faɗa unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Zafi, gajeren titi, inji da ya rasa ƙarfi: darussan Lukla ne ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar birnin Kano.

Sai hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe sararin Arewa har a kasa hango abin da ke nesa da 'yan ɗaruruwan mitoci, kuma duk shekara sai an soke tashin jirage ko an karkatar da su saboda ita. A hunturun 1973, ranar 22 ga Janairu, jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkato daga Legas saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka a Kano ana iska mai ƙarfi. Mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙan musulmi. 

Tsaunin gaske ma muna da shi. A watan Satumban 2006 jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228, irin wanda ke jigila a Lukla, ya daki wani tsauni a jihar Binuwai kan hanyarsa ta zuwa Obudu, manyan hafsoshin soja da dama suka rasu.

Yawancin waɗannan manhajoji suna barin mutum ya saita yanayi da kansa. Da ni ne mai ba samarin benci shawara, da na ce su bar Himalaya na yini ɗaya. Su zaɓi Kano, su cika jirgi da kaya, su kai zafi 40, su rage nisan gani zuwa mita 800, su gwada. Ba zai yi kyan kallo a bidiyo ba, tunda ba abin gani sai toka-toka. Amma shi ne aikin da matuƙin Max Air ko Rano Air yake yi a zahiri.

Jirgin gem da jirgin caca

Iyaye ba su ga abin burgewa ba, kuma suna da hujjarsu. A ƙasar da hannu ɗaya ke da daraja a gona, saurayin da ya shafe awa biyu yana karkata waya lokacin noman farko ko girbin wake ya bar gurbi. Da rani ma akwai aikin lambu a bakin madatsar ruwan Tomas. Kuɗin da ya tafi data daga aljihun gida ya fita. Malamai kuma abin da suke nanatawa a kan kowane irin wasa bai canza ba: kada ya ci lokacin sallah, kada caca ta shiga.

Batun cacar nan ba ƙarami ba ne, domin akwai wani jirgin. A shafukan caca akwai wasan da ake kira Aviator: ɗan jan jirgi yana hawa, lambar riba na hawa tare da shi, mai wasa ya cire kuɗinsa kafin jirgin ya ɓace, in ya makara ya rasa duka. Babu tuƙi a ciki, babu iyawa, sa'a ce tsagwaronta, kuma ya cinye kuɗin matasa da yawa a ƙasar nan. Uban da ya hango jirgi a wayar ɗansa ba lalle ya bambance su ba. A jihar da Hisbah ke rufe shagunan caca, wannan ruɗani kan ja wa mai gem zargin da bai ci ba, haka kuma yakan ba mai caca mafaka, ya ce ai tuƙi yake koyo. Bambancewar ba wuya: a tambayi yaro ko ana sa kuɗi a ci kuɗi. In a'a, a ce ya nuna agogon gudu da na tsayi ya faɗi aikinsu.

Malamin makaranta da ya lura zai ga wata fuskar. Yaron da bai taɓa wuce Ɗambatta ba ya san inda Butan take, ya san mita da ƙafa, ya san arewa digiri 360 ce, yana karanta Turancin da ke jikin maɓallai don yana son ya sauka lafiya, ba don jarrabawa ba. Darasin kaurin iska da ake rubutawa a allo a wuce, shi ya ji shi a hannunsa. A makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wannan ba abin rainawa ba ne. Akwai ma FlightGear, manhajar kwamfuta da ake rabawa kyauta tun shekarun 1990, wadda makarantar da ke da kwamfuta da sola za ta iya sawa ba tare da ta biya kowa ba.

Masu koyar da tuƙin gaske ra'ayinsu a rabe yake, kuma sananne ne. Sun yarda ɗalibin da ya taso da gem yana saurin gane agogo da tsarin magana da hasumiya. Amma yakan zo da halaye biyu da sai an kankare. Na farko, kafa ido a kan agogo maimakon kallon waje. Na biyu ya fi muni: taurin kai. Gem ya saba masa cewa ko yaya saukar ta lalace a ci gaba, in an faɗi a danna a sake. A jirgin gaske, matuƙin da ake yabo shi ne wanda ya ga abin bai daidaita ba ya fasa, ko ya hango gajimare a bakin kwari ya juya da fasinjojinsa Katmandu suna ta ƙorafi. Gasar sauka ba ta ba da maki a kan juyawa gida. A ganina wannan ne babban gurbin da ke cikin waɗannan wasanni, ya fi rashin jijjiga da rashin tsoro.

Hangen Dala

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925 jiragen sojan Birtaniya 3 da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na birnin, kuma daga wannan saukar ake lissafin tarihin jiragen sama a Najeriya. Kabo Air daga nan ya tashi. Ga mutumin karkara kuwa jirgi na nufin abu ɗaya, aikin hajji: a raka maniyyaci sansanin alhazai, a dawo a jira. Kujerar gaba ba ta cika shiga lissafi ba.

Yaron da gem ya sa wa wannan buri, hanyarsa a bayyane take, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa. Tana son sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da kimiyyar fiziks, da gwajin lafiya mai tsauri, ido da kunne da zuciya. Lasin ɗin tuƙin kasuwanci na buƙatar awa 150 zuwa 200 a sama, kuma kowace awa mai ne da kayan gyara da ake saye da dala. Kuɗin karatun miliyoyin naira ne masu yawa, abin da amfanin gonar gida guda na shekaru ba zai biya ba. In ba gwamnati ko wani mai hali ya ɗauki nauyi ba, maganar ta tsaya a nan.

An taɓa ɗauka. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasin. Wasu sun sami shiga kamfanoni, amma da yawa sun daɗe a gida suna jira, domin lasin kaɗai ba ya zaunar da mutum a kujerar Boeing 737. Sai ya ƙara da shaidar ƙwarewa a kan wannan ƙirar jirgi takamaimai, ita ma da kuɗinta daban, kamfanoni kuma sun fi son wanda ya riga ya tara awanni.

Wannan shaidar, mafi yawanta ba a sama ake samun ta ba. A cikin wani babban akwati ake zama, mai ƙafafun ƙarfe da ke motsa shi, an shirya cikinsa tamkar gaban jirgi, malami na baya yana kashe maka inji, yana turo maka hazo da guguwa, yana rubuta yadda ka yi. Matuƙin da ya shekara 20 yana aiki ma sai ya koma cikinsa kamar duk wata 6 an sake gwada shi, in ya faɗi a dakatar da shi. Irin waɗannan akwatuna kaɗan ne a Najeriya, don haka kamfanonin jiragenmu sun daɗe suna tura matuƙansu ƙasashen waje, ana biyan kowace awa da kuɗin waje.